Kakin da Ka Ƙi Jefarwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifina, wanda gari duka ke kira Kaftin. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uba, da fatan Allah ya sa ka iske masauki mai kyau, ina rubuto maka daga Guangzhou ta ƙasar China, yau kwana arba'in da uku da rasuwarka. Na san ba za ka karanta ba. Masu karantawa su ne waɗanda suka cika mini waya da ta'aziyya, da waɗanda suka cika ta da zagi a makon nan. Su yi haƙuri, ba da su nake magana ba.

Ranar da ka tafi ina cikin sito a unguwar Xiaobei, ana loda wa wasu 'yan Maraɗi kaya a kwantena. Ƙarfe ɗaya na rana ta ɗan gota. Ƙanwata Rakiya ta kira, ta ce ka cika bayan sallar asuba. Na yi salati, na tambaye ta yaushe za a kai ka, ta ce kafin azahar. Na mayar da waya aljihu. Na hango wani kwali ya karkace a bakin kwantena, na sa aka gyara shi. Matar da ke kula da siton, 'yar China, ta tsaya tana kallona, ta ce, laoban, wato maigida, lafiya? Na ce mata lafiya lau. Muka ci gaba har aka rufe ƙofa.

Ran Juma'a 'yan uwa suka taru a saman wani gidan abinci, 'yan Kano da 'yan Yamai da namu, aka sauke maka Alƙur'ani. Wani dattijo da bai taɓa ganinka ba ya yi ta hawaye, ya ce da sunanka aka goye shi. Ni ina zaune ina miƙa hannu, ina cewa na gode. Na jira wani abu ya motsa a ƙirjina, bai motsa ba. Har yau ina jira.

Tarihinka kowa yana da guntunsa. An ɗauke ka daga lakwal, makarantar boko, kana saurayi aka sa ka sojan Faransa. Ka yi ƙoƙari har suka ba ka hafsa, a zamanin da baƙar fata ba ya cika wuce sajan. Suka tura ka yaƙi ƙasar Vietnam, ka dawo da tabon harsashi a cinya. Da suka ce ka shirya zuwa wani yaƙin, ka ajiye musu aikinsu, ka dawo gida ka hau kan mota a kasuwa kana ce wa mutane ƙasar nan tamu ce, Turawa su tafi. Daga nan ka zama shugaban jam'iyya. Inna ta ce a lokacin idan ka fito, mata na shimfiɗa zannuwansu don ka taka.

Ni ban ga wannan ba. Abin da na fara sani game da kai shi ne safiyar da aka zo kama ka, bayan Turawa sun tafi, mulki ya faɗa hannun waɗanda kuka yi hamayya da su. Ina da shekara shida. Kana shan shayi a tsakar gida, sojoji suka shigo. Ka ƙarasa shayinka, ka sa aka miƙo maka hula, ka juyo ka ce mana, "Kada kowa ya yi kuka a gabansu." Ban yi ba. Ina jin tun ran nan ban ƙara iya shi sosai ba.

Sau ɗaya muka je ganinka a kaso, gidan yari. Kwana biyu muka yi a bayan babbar mota ni da Inna, muna nausawa arewa, rana na dukanmu. Aka ba mu 'yan mintoci ta taga. Na haddace abubuwa da yawa da zan gaya maka, har da labarin akuyata da ta haifi biyu. Ka dube ni daga sama har ƙasa ka ce, "Tsaya miƙe." Na miƙe. Lokaci ya ƙare.

Shekara tara ka yi. Ka dawo ba haƙoran gaba, jam'iyya ta watse, wasu abokanka sun mutu, wasu sun zama manya a gwamnatin da ta tsare ka. Ba ka ƙara hawa mota ka yi jawabi ba. Ka zauna gindin bishiyar bedi a ƙofar gida da rediyonka, masu wucewa na sara maka, kana ɗaga musu hannu.

Abu ɗaya ne ba ka fasa ba. Kowace shekara idan damina ta ɗauke, sai ka jawo akwatin ƙarfen nan daga ƙarƙashin gado, ka fito da kakinka na sojan Faransa, da hular, da lambobin. Ka shanya shi, ka hura gawayi a dutsen guga, ka goge shi da hannunka, ka ninke, ka mayar. Ba ka yarda kowa ya taɓa ba, har Inna.

Na tsani kakin nan, Baba. Ina da shekara ashirin na tsaya a kanka na ce, mutanen da ka ce su tafi, waɗanda saboda su muka tashi kamar marayu, me kake yi da rigarsu? Ba ka ɗago ba. Ka ce, "Ba taka ba ce." Bayan wata biyu na bar gida na shiga fatauci, Kwatano, Dubai, daga ƙarshe nan. Muna gaisawa, ina aiko abin da ya sawwaƙa, ina zuwa sallah jefi-jefi. Hira kam ba mu taɓa yi ba.

Sai shekara uku da suka wuce, ran babbar sallah, Rakiya ta riƙe maka waya muna ganin juna. Bayan mun gaisa ka sa ta jingina wayar ta fita. Ka tambaye ni ko Vietnam na da nisa daga inda nake. Na ce kusa ne, jirgi ba ya daɗewa.

Sannan ka ba ni labarin wani ƙauye a bakin kogi, gonakin shinkafa kewaye da shi. Kai ne babba a kan sojojin da suka shiga bincike ran nan. A ƙofar wani gida kuka iske wani tsoho zaune, malamin makaranta ne, Faransancinsa ya fi naka. Ya dubi fatarka, ya dubi kakinka, ya ce maka, "Kai ma ai ƙasarka a hannunsu take. Me ka zo yi a tawa?" Ba ka ba shi amsa ba. Ka ce a fitar da shi, ka ce a sa wa gidan wuta. Ya tsaya yana kallo, littattafansa na ci da wuta.

Ka ce mini, "Ba Bature a wurin. Ni na ba da umarni, da bakina, cikin rigar nan." Ka ce tambayar tsohon ce ta bi ka har ta fitar da kai daga soja, ita ta hau da kai kan mota a kasuwa. Ka ce duk ranar da mutane suka tafa maka har ka fara jin kai wani ne, sai ka koma gida ka buɗe akwati.

Ni kuma me na ce? Na ce Allah ya kyauta. Na ce ana jirana a kasuwa. Shekara arba'in ina son ka yi mini magana, ran da ka yi, na rasa inda zan ajiye ta. Ba mu sake tada zancen ba.

Ka san yadda ƙasa ta koma a 'yan shekarun nan, kowa na ƙyamar Faransa. Samari sun tono sunanka, sun buga hotonka a riguna, suna rera waƙoƙin jam'iyyarku da ba su san ma'anar rabinsu ba. Mako biyu bayan jana'izarka suka zo wurin Rakiya, suka ce a ba su kakin. Za su ƙone shi a fili ranar sadakar arba'in, a gaban jama'a, don duniya ta ga Kaftin ya tuɓe rigar bauta har abada. Rakiya ta ce sai abin da Yaya ya ce.

Kwana huɗu ina yawo da maganar. Na shiga jirgin ƙasa da ita, na je kasuwar Sanyuanli duba atamfa da ita, na dawo da ita. Gaskiya da an tambaye ni ina da shekara ashirin, da ni zan kawo ashana.

Shugaban samarin ya kira ni da kansa. Sunansa Isufu, jikan wani abokinka ne da ya mutu a kaso, mutum mai ladabi. Na ce masa ba za a bayar ba. Ya ce, Alhaji, mahaifinka na ƙasa ne, ba naku kaɗai ba. Na ce haka ne, amma ka saurara. Na ba shi labarin tsohon nan kamar yadda ka ba ni, ban rage ba, ban ƙara ba.

Ya saurara har na gama. Da ya buɗe baki, cewa ya yi don Allah kada in sake gaya wa kowa. Ya ce mutane na buƙatar gwarzo mai tsabta, idan wannan ya fita maƙiya za su yi dariya, sunan da ka sha wuya a kansa zai ɓaci. Ban ji haushinsa ba. Na ga yadda yake son ka, so irin wanda ni ban iya ba.

An yi taron. Sun samo wata tsohuwar rigar soja a kasuwa suka ƙone, aka ce taka ce. Da aka ji cewa ta gaskiyar tana gida, mun hana, sai zagi ya fara. An ce mu 'ya'yan Faransa ne, an ce mun ci amanarka. Rakiya ta ce maƙwabta biyu sun daina gaishe ta. Ta tambaye ni dalili, na ba ta labarin ita ma. Ta yi kuka mai yawa, sannan ta ce za ta ci gaba da shanya kakin bayan damina.

To ga shi yanzu na rubuta inda kowa zai gani. Na san abin da zai biyo baya. Wasu za su cire hotonka daga shagunansu, wasu za su ce na ƙirƙira. Ban yi don in tsarkake kaina ba, kuma ban yi don in rama shekarun da ka yi mini shiru ba. Na duba zuciyata, ban iske fushi ba, ban iske komai ba sai wannan labarin zaune shi kaɗai. Na ga idan na mutu da shi, za a bar mutane da wani Kaftin da ba a taɓa yi ba, kai kuma ka ɓace.

Baba, ban sani ba ko sirri ka ba ni in riƙe, ko saƙo ka ba ni in isar. Ban tambaye ka ba lokacin da kake da bakin amsawa. Idan sirri ne, na tona, ka yafe mini. Idan saƙo ne, na isar, ko da na makara.

Allah ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya haɗa ka da Inna a inda ba a rabuwa. Allah ya karɓi wahalar da ka sha saboda mutanenka. Ranar da za a tsayar da kai da tsohon nan na bakin kogi, Allah ya ba ka amsar da ka rasa, ya sanyaya zuciyarsa ya yafe maka. Amin.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Mamman Sani
Xiaobei, Guangzhou