Manhaja ta ce tallar ƙanwata ba ta kawo mai saye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, zan jero maganar yadda ta faru.

Mu uku ne a sana'ar, Yayana, ni, sai ƙanwarmu da ke aure a Tsafe. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli muke yi. Tun ƙarshen shekarun casa'in, muna ɗauko kaya daga Bungudu zuwa Gusau, Yaya ya kafa doka ɗaya, duk hanyar da ba ta kawo mai saye a rufe ta. Ni ne mai tsare dokar, ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba.

Bara muka koma sayarwa ta intanet. Babban ɗan Yaya, zan kira shi Auwal, shi ya haɗa mana shafi, ya sa manhajar da ke nuna ta inda kowane mai saye ya shigo. Ƙanwarmu kuma ta karɓi talla, tana ɗaukar bidiyon suyar ƙuli tana sakawa da adireshin shafin a ƙasa. Oda ta ƙaru sosai. Amma kullum manhajar abu ɗaya take nunawa, mutanen bidiyo suna shigowa, su zaɓi kaya, sai su ɓace, masu biya kuwa wai daga shafin kansa suka fito. Da Yaya ya gani sai ya ce ashe aikin Auwal ne ke ci, tallar wasan waya ce. Ya faɗa mata haka a gaban mijinta. Ta ce ai masu saye da kansu suke gaya mata bidiyonta suka gani, ya ce shi ba ya aiki da an ce. Tun ranar ba ta sake taka gidansa ba.

Shekaranjiya Auwal ya same ni a shago, ya ce Baffa akwai magana amma sai ka yi min alkawarin ba za ta fita ba. Na yi alkawarin kafin in ji. Ya ce shafin namu adireshi biyu ne, babba inda ake kallon kaya, da ƙarami a ƙarƙashinsa inda ake biya, kuma bai haɗa ƙidayar su biyun ba. Mutum yana tsallakawa wurin biya manhajar ta manta shi, ta rubuta shi sabon baƙo. Ban yarda ba sai da ya gwada a gabana. Na shiga ta bidiyon ƙanwata da wayata, na sayi kwalba ɗaya, muka duba, babu ita a ciki, shafin aka bai wa cinikin.

Na tambaye shi ko yana gyaruwa, nan take ya gyara, ya ce amma daga yanzu ne zai nuna daidai, na baya ya wuce ba ya dawowa. Na ce to ka je ka gaya wa mahaifinka. Ya ce ba zai iya ba, Yaya ya gama yabonsa a wurin iyayen yarinyar da zai aura, an sa rana bayan kaka, ya roƙe ni in bari a wuce bikin. Na yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai, amma bai sake ni daga alkawarin ba.

Ga inda na tsaya. Ranar Juma'a bayan masallaci za mu zauna a gidanmu na Kwatarkwashi, Yaya zai rufe talla ya karɓi wayar sana'a daga hannun ƙanwarmu, kuma bisa tsarinmu ni ne zan karanta sakamakon da bakina. In na karanta shi yadda yake, na san ƙarya ne. In na faɗi gaskiya na ci amanar yaron da ya kawo kansa wurina. In na ce a ɗaga zaman Yaya zai tambayi dalili, don ya san ban taɓa ɗaga zama ba.

Jiya ƙanwarmu ta kira ni, ta ce Yaya ƙarami, kai ba ka son rai, gaya min tsakaninka da Allah, da gaske ba na kawo kowa? Na ce ina tuƙi zan kira ta. Ina zaune ne a shago.

Har yanzu ban kira ba. 'Yan uwa, in kun zama ni, me za ku ce mata kafin Juma'a?