Ruwan da Na Hana 'Ya'yana Sha

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu ma lafiya lau, jinin Inna ya sauka, Auta kuma ta fara tafiya, ba ta barin kowa ya zauna.

Yaya, wani abu ne ya tsaya mini a rai, na rasa wanda zan faɗa wa sai ke. Kin san aikina a hukumar ruwa, ina duba bayanan da na'urorin da aka dasa cikin bututu suke aikowa kwamfuta. Ranar Litinin da hantsi, na'urar layin unguwarmu ta nuna maganin ruwa ya yi ƙasa sosai, datti kuma yana shiga. Na kai wa shugabanmu, ya ce kada kowa ya buɗe baki sai sakamakon ɗakin gwaji ya fito, don an taɓa tayar da hankalin jama'a a banza. Na ce to. Amma ina fitowa na kira gida na ce a tafasa duk ruwan sha.

Da yamma maƙwabciyarmu mai ɗinki ta shigo da bokiti, famfonsu ya lalace. A gabana ta tara ruwan, har tana tsokanata wai na zama 'yar gayu, ruwa ma sai dafaffe. Dariya na yi, Yaya. Tsoron rasa aiki ya ɗaure mini baki.

Sai ranar Laraba aka tabbatar bututu ya fashe kusa da kwata, aka yi sanarwa. Kafin nan ɗiyar maƙwabciyar tamu 'yar wata tara tana gadon asibiti, amai da gudawa, ana ƙara mata ruwa. Kwanansu huɗu aka sallame su, alhamdulillahi. Da na je dubiya, baiwar Allah ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, wai ba don na'urarmu ba da unguwa ta ƙare. Na kasa ɗaga ido in dube ta.

Gobe zan je in faɗa mata gaskiya, ko da za ta daina amsa gaisuwata. Ki taya ni addu'a kada in kai ƙofarta in juyo.

Ki gaishe mini da Kawu da Goggo da takwarata. Inna tana gaishe ki, ita ma ba ta sani ba tukuna.

Taki,
Ƙanwarki