Ƙugin da ke cikin iyafis

Makera, Kaduna

Yaya Habiba,

Assalamu alaikum. Ina kwananku, ya gida, ya ruwan Fatakwal? Ya jikin Amira, haƙoran sun fito? Mu nan lafiya lau, ƙafar Mama ma ta yi sauƙi.

Yaya, akwai abin da na ɓoye miki. Tablet ɗin da kika aiko mini saboda hadda, sati biyu ke nan in na sa iyafis sai in ji ƙugi, zuuu, a ƙarƙashin muryar mai karatu. Na canja iyafis, ƙugin yana nan. Na ɗauka na lalata ta, na kasa faɗa wa kowa.

Jiya na daure na kai wa Baba Yohanna mai gyaran rediyo a bakin layinmu. Ya saurara, bai ji komai ba. Na ce masa ni sai an kawo wuta nake jona ta a caja in saurara. Ya karɓi cajar ya jona, ƙugin ya dawo. Ya zare, ya ɗauke. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, lafiyarta ƙalau. Wannan ai cajar tocila ce. Ina tata?"

Na sunkuyar da kai. Cajarta ta asali Maman Rabi maƙwabciyarmu na ara wa, suka tashi zuwa Rido da ita, kunya ta hana ni tambaya.

Ranar Asabar zan je da kaina in karɓo. Ki yi mini addu'a bakina ya buɗe in na isa ƙofarsu. Ki gai da Baban Amira, ki shafa mini kanta.

Ƙanwarki,
Zainabu