Igiyar 'Yar Gata

Litinin, 6 ga Oktoba

'Yar Gata ta kasa tashi. Akuyar da na raina da kwalbar madara tun uwarta ta mutu, wadda take kwana a ƙarƙashin keken ɗinkina, yau sai kallona take yi, ciki ya kumbura kamar ganga. Likitan dabbobi ya zo, ya latsa nan ya latsa can, ya yi mata allurai, ya ce tsufa ne da ƙari a ciki, rage zafi kawai zai iya. Kafin ya kai ƙofa Gwaggo ta ce, "A sa mata wuƙa tun da sauran numfashi, kada a yi biyu babu." A gabanta fa! Na ce duk wanda ya taɓa ta, ni da shi har abada. Baba yana kan tabarma, duk a kunnensa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kuka take yi, wani iri, siriri, ba irin nata na neman ɓawon ayaba ba. Ina ɗura mata ruwa da cokali yana dawowa. Baba ya tsaya a kaina ya ce, "Uwata, ba kya jin kukan nan?" Na ce kunnena ƙalau. Za ta tashi. Ta taɓa cinye bakin tef ɗin awona da wuyan rigar mutane, ba ta mutu ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ɗinki na kai wa wata mata, na biya na sayo magani. Na dawo na tarar an wanke tsakar gida tas, igiyarta a rataye jikin ƙusa. Baba ya fito ya ce, "Ni ne. Kada ki nemi kowa." Ko rawa muryarsa ba ta yi ba.

Da yamma ƙamshin nama ya tashi daga kicin ɗin Gwaggo. Wallahi har da albasa. Na yi amai a bayan ɗaki. Fakona suka yi, suka jira na juya baya. Mutumin da ya rasa mahaifiyarsa ya sa min sunanta, yake ce min Uwata, shi ne ya yi min haka saboda loma.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ban gaishe da Baba ba. Tunda nake ban taɓa yin haka ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Ba na cin komai daga tukunyar gidan nan. Burodi da shayi a shagon da nake haya ina ɗinki. Na tambayi mai shagon ko ɗakin da ke baya yana nan ba kowa, ya ce yana nan. Ƙarshen wata zan kwashe kayana.

Masu jaje kuma sun ishe ni. Maƙwabciya ta ce, "Haba, akuya ce fa, sai ka ce mutum." Yaya ya bugo waya wai zai sayo min wata, har da 'ya'yanta. Na ce ya sayo wa kansa hankali tukuna. Har yanzu ina ɗage ƙafa in zan taka keke, kada in take mata kunne.

Laraba, 15 ga Oktoba

Likitan ya kawo wando a rage masa tsawo. Na ce ya je ya karɓi rabonsa na nama a gidanmu. Ya dube ni galala. Ya ce, "Wane nama? Bayan alluran nan ko kare ba a ba wa. Ai na gaya wa Babanki." Ashe Larabar da ta wuce Baba ya taka har wurinsa, da ciwon bayan nan nasa, yana tambayar allurar da ake yi wa dabba ta yi barci ta wuce. Likita ya ce ba shi da ita, sai an aiko, sai wani satin. Wai Baba ya ce, "Ba za ta kai ba, kuma yarinyar nan ba za ta iya cewa to ba."

To wa ya aike shi ya yanke min hukunci? Wa ya ce ba zan iya ba?

Na datse wandon ya wuce misali. Shi ya sani.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na zagaya bayan gida ɗebo shanya. Gindin bishiyar lemo, inda take kwanciya da rana, sabuwar ƙasa ce, an jera duwatsu a kai saboda karnuka. Na tambayi Gwaggo. Ta ce, "Shi kaɗai ya haƙa, ya hana a kira kowa. Naman kuma wurin mahauci na sayo, don ki samu ki ci wani abu. Da kin buɗe baki kin tambaya, uwar 'yan zuciya."

Har yanzu ina jin haushi. Ko sallama bai bar ni na yi da ita ba. Da ya jira ni, da na riƙe mata kai. Ko da na hana shi. Ban sani ba. Ina jin da na hana shi, ta kai wani satin tana kukan nan.

Talata, 21 ga Oktoba

Farar rigar Baba da ya fi so, na gan ta a dunƙule bayan randa. Jinin ya ƙi fita, kuma ya sha wanki, da gani da hannunsa ya yi. Akwai ragowar yadi a shago da ba na komai da shi, zama kawai yake yana cin wuri.

Na same shi a kan tabarma, na ce, "Baba, ɗaga hannu." Ya ɗaga bai tambayi dalili ba. Tafin hannun duk kantar haƙa ta fashe, ta fara bushewa. Ya ga tef ɗin da tabon haƙoranta, ya kau da kai. Ya rame, kafaɗar ta ragu da yawa.

Ya ce, "Uwata, kin ci abinci?" Na ce ya daina motsi, yana ɓata min awo.

Mai shago ya tambayi maganar ɗaki. Na ce ɗakin nan yana yoyo.