Yadda Na Kashe Alhaji Isiyaku a Waya

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, na so in ce ina fatan kana lafiya kamar yadda ake buɗe kowace wasiƙa, sai na ga tambayar ta wuce wurinta. Ina fatan dai kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. To amma ko lokacin da kake da rai, yaushe ka taɓa karanta takardar da ba ta zo da hatimin ofis ba? Saboda haka babu abin da ya canja sosai tsakaninmu. Ni zan yi ta magana, kai ka yi shiru.

Mutanen gida duk lafiya. 'Yarmu Hadiza ta koma aiki, yaranta sun ƙara wayo da ɓarna. Ƙofar gidan nan da ka yi shekaru kana cewa za ka kira mai walda ya duba, ta faɗi da kanta a daminar bana, ta hutar da kai. Unguwarmu Malali tana nan yadda ka bar ta, sai dai an buɗe sabon shagon cajin waya a bakin layinmu, kuma mai shayin da kake faɗa da shi a kan sukari ya ce in gaya maka ya yafe.

Amma ba wannan ne ya zaunar da ni rubutu ba. Malam, na kashe maka amininka Alhaji Isiyaku. Kada hankalinka ya tashi, yana nan da ransa a gidansa na unguwar Abakpa, shekaranjiya ma a gabana ya share kwanon tuwo. A waya na kashe shi, kuma kai ne sanadi.

Bari in faro maka daga tushe. Bayan na fita takaba Hadiza ta kawo mini sabuwar waya don in rage kaɗaici, ta sa mini manhajar nan ta gajerun bidiyo wadda kake cewa aikin marasa aikin yi ne. Ashe ba rawa kaɗai ake yi a ciki ba. Ana iya jera hotuna su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, a sa karatu a ƙarƙashi, a yi rubutu. Maƙwabciyarmu Hajiya Ladidi haka take yi wa mijinta duk ranar Juma'a, mutane su yi ta rubuta amin, ita kuma ta leƙo ta katanga ta nuna mini yawansu. Kai da ni mun san halin mijin Ladidi. Ba zan ce komai ba tunda ya riga mu gidan gaskiya. Amma a ce shi yana shan addu'a duk mako daga mutanen da ba su ma san shi ba, kai kana kwance shiru? Raina ya ƙi yarda. Da shekararka ta kusa zagayowa sai na ɗaura niyyar ni ma zan tara maka naka.

Hadiza ta ce in bari ta yi mini. Na ƙi. Ni da na riƙe gida da albashin ma'aikaci har yara suka gama makaranta, danna waya ne zai gagare ni? Sau ɗaya ta nuna mini inda ake taɓawa a ƙasa, inda ake zaɓen hoto maimakon bidiyo, da inda ake rubutu, na ce mata ta tafi gidan mijinta.

Da na zaro kundin hotunanmu daga cikin durowa ne na gane irin aikin da ka bar mini. Malam, me ya sa ba ka da hoto ko ɗaya kai kaɗai? Sai na katin shaidar aiki, wanda ka zare ido kamar an kama ka da kayan sata. Sauran duk na taro ne, kuma a kowanne kana can gefe. Na san dalili, ina wurin ai. Kai ne mai jera mutane. Wannan ya matso, wancan ya durƙusa, dogaye su koma baya, Hajiya ki gyara mayafi. Sai mai hoto ya gaji ya fara ƙirga, sannan ka ruga ka maƙale a ƙarshen layi, bakinka a buɗe kana ba shi umarnin ƙarshe. Haka a bikin Hadiza, haka a sunan jikokinka, haka ranar da muka dawo daga Makka.

Na zaɓi na walimar ritayarka, saboda a nan ne ka sa farar babbar rigar da na sa aka ɗinka maka. Walimarka ce, amma kana gefe. A tsakiya kuwa wa ke tsaye? Alhaji Isiyaku, wanda ko a ma'aikatarku bai taɓa aiki ba, cin shinkafa ya kawo shi. Ya baje kafaɗu, ya karkace hula, yana murmushi kamar shi aka yi wa taron.

Ranar Juma'a da hantsi na shimfiɗa hoton a kan tabarma na ɗauke shi da waya, na sa shi a ciki. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne manhajar ba ta son hoto mai faɗi. Tsaye take son abinta, sai ta datse gefe da gefe ta bar tsakiya. Ni kuwa ban lura ba, domin ina can ina kokawa da kiɗa. Da kanta ta ɗora maka wani kiɗan biki mai kalangu, kai da ko rediyo aka ƙure sai ka fito daga ɗaki. Na yi ta dannawa ina cirewa yana dawowa, har Allah ya taimake ni na samu karatu mai sanyi na sa. Tabarau ɗina kuma yana kicin a kan buhun shinkafa. Murnar na kori kalangu ta hana ni sake duban hoton.

Sai wurin rubutu. A nan ne fa aka yi ta. Ka san tun ranar da aka kawo ni gidanka bakina bai taɓa furta sunanka ba. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi. Telan da ke bakin kasuwa shekara da shekaru mai sunan Malam nake ce masa, har yaran unguwa suka ɗauka sunansa ke nan. To yaya za a yi in rubuta shi ɓaro-ɓaro duniya ta gani? Sai na rubuta cewa Allah ya jiƙan wannan bawan Allah, mutumin kirki ne, a taya mu da addu'a. Na tura, na kife wayar, na shiga girki da farin cikina.

Bayan an sauko daga masallaci na ɗauko ta, na tarar har ta yi zafi. Amin ta ko'ina, Malam. Na Ladidi ko kusa bai kai ba. Ban tsaya ko wanke hannu ba na leƙa katanga na miƙa mata, ina wani sunkuyar da kai irin na wadda ba ta damu ba. Ta duba, ta dafe ƙirji, ta yi salati, ta tambaye ni yaushe Alhaji Isiyaku ya rasu.

Na karɓe wayar na sa tabarau. Isiyaku ne ya cika fuskar wayar tun daga sama har ƙasa, da hularsa da murmushinsa, karatu yana tashi a ƙarƙashinsa. Kai kuwa babu abin da ya rage naka sai bakin hannun riga.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, ciwon ƙafarsa ya tashi a makon, ya kwana biyu bai fita ba, ko Juma'ar ma bai je ba. Duk wanda ya ga hoton sai ya ce ai shi ya sa ba a ganinsa. Matarsa Hajiya Binta tana kasuwar Kawo tana cinikin kifi wata mata ta rungume ta tana kuka tana ba ta haƙuri. Kafin ta iso gida maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an jera butoci, mutane sun zauna sun yi jugum. Shi kuma yana ciki yana barcin rana. Hayaniya ta tashe shi, ya dogara sanda ya fito daga shi sai singileti da zani, ya yi sallama, ya tambayi wa ya rasu. An ce 'yan sahun gaba da gudu suka watse, ko waiwaye ba su yi ba. Wani mutumin Hayin Banki ya bar takalmansa a wurin, har yau bai aiko a karɓa ba.

Na ja mayafi har goshi na hau keke mai ƙafa uku zuwa Abakpa, ina ta shirya kalmomin ban haƙuri a hanya. Binta ta amsa gaisuwata da ƙyar, kuma ban ga laifinta ba, ni ma da haka zan yi. Amma amininka fa? Na same shi a falo ya miƙe ƙafar a kan matashi, ya sa tabarau, yana bin rubutun mutane ɗaya bayan ɗaya, yana dariya yana share hawaye. Ya ce tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa ce masa mutumin kirki da yawa haka ba, har surukinsa da ba sa ga maciji ya rubuta cewa an yi babban rashi. Abin da ya ɓata masa rai kawai shi ne waɗanda suka ji labari ba su zo ba, kuma ya ce ya gane su sarai. Da na ce zan goge, sai ya rantse idan na goge ba ni ba shi. Wai guzuri ne Allah ya aiko masa tun kafin tafiya.

Dariya na yi a gabansa, amma a keke ina dawowa kuka ya zo mini. Addu'ar nan kai na tara wa. Shekara guda ina jiran in yi maka abu ɗaya da hannuna, ga shi na ɗauka na kai Abakpa.

Washegari na je wurin limamin unguwa na tambaye shi tsakani da Allah, duk amin ɗin nan ta wace ce, taka ko ta Isiyaku? Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya nutsu ya ce Allah ya san wanda na nufa, amma su masu amin ɗin fuskar Isiyaku suke kallo, shi kuma ba zai shiga rabon abin da bai gani ba. Ya ce mafi sauƙi in sake sawa, da fuskar mamacin da sunansa cikakke, yadda ba mai sake shimfiɗa tabarma a ƙofar mai rai.

Hadiza ta ce ita za ta rubuta sunan, ba sai na taɓa ba. Na kusa yarda. Sai na zauna na dubi hoton nan na asali, kana can ƙarshen layi a ranar da ta kamata ta zama taka. Duk rayuwarka kana tura mutane tsakiya kana komawa gefe. Waya ta zo ta yanke ka, ni kuma da kunyata na ƙarasa abin da ta rage. Da na sa sunanka tun farko, ko da fuskar Isiyaku ce a sama, ai da an san wa ake nufi. Na ce wa Hadiza ta nuna mini yadda ake jan hoto kawai, sauran nawa ne.

Ashe da yatsa biyu ake yi. Na dafa ka na jawo ka a hankali daga gefe har ka zo tsakiya, Isiyaku ya fice sai kafaɗarsa. Ga ka nan, hannu a sama, baki a buɗe, kana koya wa mai hoto aikinsa. Ba ka yi kyau ba, Malam, gaskiya ce, amma kai ne. Sannan na fara danna haruffan. Sai da na waiwaya ƙofa, kamar mahaifiyarka za ta ɗaga labule ta kama ni.

Amin ɗin da ka samu bai kai na Isiyaku ba, kuma ya bugo waya musamman don ya tabbatar na sani. Amma naka na waɗanda suka san ka ne. Wani tsohon masinjan ofishinku ya rubuta cewa kai kaɗai ne kake tashi ka ba shi kujera idan ya shigo. Wata mata ta ce ka taɓa yini kana neman fayil ɗin mijinta har ka manta da abincin rana. Ban san da waɗannan ba. Me ya sa ba ka taɓa ba ni labari ba? Wanda ya fara rubutu kuwa Isiyaku ne, kuma nasa ya fi na kowa tsawo. Ya ce bai taɓa son tsayawa a tsakiya ba, kai ne kake kama hannunsa ka kai shi, don ka san yana jin kunyar ƙafarsa idan ya tsaya a gefe inda za a gan ta. Na karanta na ajiye wayar, ban iya ƙarasa sauran ba sai da yamma.

Saura abu ɗaya da ban taɓa gaya maka ba. Sunan nan yana mini daɗi. Tun ranar da aka ce mini ga wanda ya zo neman aurena, aka faɗe shi, na ji ya kwanta mini. Na sha faɗarsa a zuci idan ka yi tafiya, ko idan ka ba ni haushi. Kullum ina cewa wata rana idan mun tsufa, yara sun watse, zan kira ka da shi sau ɗaya in ga yadda fuskarka za ta yi. Muka tsufa, yara suka watse, na yi ta jira kunyar ta ragu, kai kuma ba ka jira ba.

Yanzu duk Kaduna ta gani a rubuce da hannuna, kai kaɗai ne ba ka ji ba. To ga ni a falo da rana tsaka, babu kowa a gidan, kuma yadda nake rubuta shi haka nake faɗarsa da baki.

Shu'aibu.

Na kira ka. Allah ya kai haske kabarinka, ya sa ka huta, ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Sai na zo.

Matarka,
Rakiya