Hukuncin da Suka Yi Maka

Baban Hadiza,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ba ka iya karatun boko, sai dai ka juya ta ka ce Larabci ya fi sauƙi. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, dole in sauke ta.

Muna nan unguwar Madain Fahd a Jidda, gidan da ka bar mu. Hadiza ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, muna ce masa Abba. Kujerarka tana bakin taga, ba mai zama a kai. Duk la'asar in an taɓa ƙofa sai in ga kamar kai ne da ledar nan a hannu.

Ka tuna ledar? Basbusa ce, kayan zaƙin nan na Larabawa, ranar da ka dawo daga wajen masu tahkim. Shekara goma sha tara kana riƙe da makullin siton kamfanin nan na kayan sanyaya ɗaki, rana ɗaya aka ce kaya sun ɓata, aka sallame ka. Na ce ka kai su kotu. Ka ce takardar aikinka ta hana, sai dai tahkim: mutum uku a ɗaki a rufe, su saurare ku, su yanke, ba mai ji. Wata bakwai kana zarya.

Ran nan ka shigo kana murmushi, ka ce mini sun yi maka hukunci, halas, an gama, amma ka sa hannu sirri ne, kada in tambaye ka komai. Baban Hadiza, ni 'yar Damagaram ce, da aure na zo Jidda. A Hausar da na sha a nono, wanda aka yi wa hukunci shi ne mai laifi. Na dubi murmushin nan na ce na kunya ne, na dubi basbusar na ce ta lallashi ce. Na ce Allah Ya kyauta, na shige ɗaki ina kuka. Na bar ka tsaye da leda a hannu.

Makon jiya Hadiza tana neman tsohuwar iƙamarka, katinka na zaman ƙasa, a jakar takardu, ta ci karo da hukuncin. Ta karanta, ta zauna a ƙasa. Ta ce masu tahkim sun wanke ka fes, sun ce ba hannunka a ɓatan kayan. Na faɗa mata abin da ka ce mini, kalma da kalma. Sai ta maimaita shi da Larabci: hakamu li. Ta ce ku haifaffun Jidda haka kuke ɗauko magana ku sa mata rigar Hausa, wai "mini" ɗin nan nasara ce, da kaye ne da "a kaina" za ka ce. Innalillahi! Ashe albishir ka zo yi mini.

To ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ranar da ka shigo da ledar nan na canja wa makullin akwatin zinarina maɓoya. Ka lura, na ga ka dubi ƙusar da yake rataye a da, ba ka ce uffan ba. Kuma na faɗa wa Yaya Rabi ta unguwar Sharafiyya, na ce ta riƙe a cikinta. Ka san cikin Yaya Rabi. Kafin Juma'a labari ya zaga, aka daina ba ka ajiyar makullin masallaci, duk shagon da ka nemi aiki a ce ka dawo bayan Hajji. Kana zargin mutanen kamfani. Ni ce, wallahi ni ce.

Shekara huɗu muka yi a haka. Abin da yake cina shi ne, a wajenka ka riga ka faɗa mini. Kana ganin na san an wanke ka, amma na ɓoye makulli. Me ka ɗauke ni? Me ya hana ka tambaya, ko sau ɗaya? Ni kuma me ya hana ni?

Ina jin haushinka ma, kada ka ce ban faɗa ba. Zargi suka yi maka a gaban ma'aikata duka, wankewar kuma suka naɗe ta a ambulan suka ce ka yi shiru, kai kuma da riƙon alkawarinka ka yi shiru har kabari. Wa sirrin ya rufa wa asiri? Hadiza ta ce yanzu ana ta gardama, wasu na cewa a riƙa bayyana irin wannan hukunci yadda kowa zai iya dubawa, ko da an sakaya sunaye. Ni ban san doka ba. Na dai san da akwai inda za a duba, da wani ya karanta mini tun kana numfashi.

Ranar Juma'a za a taru a nan don arba'in ɗin haihuwar Abba. Yaya Rabi za ta zo, da matar liman, da duk waɗanda suka ji daga bakina. Mijin Hadiza yana tsoron kada kamfani su ce an karya sharaɗi. Na ce masa surukinsa ne ya sa hannu, ni ban sa ba. Hadiza za ta karanta hukuncin da Larabci, ni zan faɗa da Hausa, in kuma faɗi cewa ni ce na fara yaɗa maganar.

Makullin na mayar da shi kan ƙusarsa. Na yi odar basbusa daga shagon nan na kwanar titi, faranti biyu. Ban sani ba ko za ta wuce mini a maƙogwaro.

Ka yafe mini, in ana yafiya daga can. Sai na iso.

Matarka da ba ta ci basbusarka ba,
Maman Hadiza