Jerin Sunaye na Ranar Litinin

Halifax, 3 ga Maris

Bryony,

Bayan gaisuwa, ina fatan ranar Dubai ba ta gasa ki ba. Na ga jarida, wai kin zama ta goma sha tara a duniya a wasan tanis na 'yan bibbiyu. Barka! Har da hotonki rungume da sabuwar abokiyar wasanki, Ivona. Da aka tambaye ki su wa suka kai ki nan, kin ambaci kocinki da mahaifiyarki, har karenki ya samu shiga. Shekara bakwai ina bayanki ina kwashe duk ƙwallon da ya wuce ki a raga, amma kare ya fi ni.

Ba rabuwar ce ke cina ba. Kowa ya san sai an haɗa matsayin mutum biyu ake ba su gurbi a gasa, ni kuwa ciwon gwiwa ya ja ni ƙasa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda na ji labarin. Na zauna a ofishin gasar da biro a hannu ina jiran ki, har sha biyu ta buga aka rufe rajista. Sai a jikin allo na ga sunanki da na wata. Ran nan fa tare muka sha shayin safe, Bry!

Likita ya ce daga wannan bazarar na gama wasa. Baba kuma bai daina tambaya ba, yaushe zai sake ganina a kan ciyawar filin babbar gasar Landan.

Ki huta lafiya,
Tamsin

Madrid, 28 ga Afrilu

Tam tawa,

Gaisuwa mai yawa, ki gaishe mini da Baba. Haba, har yanzu kina nan kan wannan? Haka sana'ar take, kowa na canza abokiyar wasa. Na so in faɗa miki da safen, na kalli fuskarki na fasa. Na ga gara allon ya faɗa miki, ya fi sauƙi gare mu duka. Da ke ce ma haka za ki yi. Maganar karen kuwa ɗan jaridar ne ya yanke hirar.

Taki kullum,
Bry

Birmingham, 11 ga Yuni

Tam,

Ina gaisuwa. Ban ga amsarki ba, wayarki ma ba kya ɗauka. Ivona ta bar ni, ta samu wadda ta fi ni matsayi, kuma duk na kirki an riga an kama su. Makin da na ci bara a Landan zai zube idan ban buga bana ba, in koma can wajen ta sittin. Na duba, matsayina da naki za su shigar da mu da kyar. Ga ciyawar da Baba ke jira! Litinin sha biyu ake rufewa. Zan zauna a ofishin, don Allah ki zo ki sa hannu.

Taki,
Bry

Halifax, Litinin da yamma

Bryony,

Ina gaisuwa. Yanzu dai kin san taurin kujerar ofishin nan.

Na sayi tikitin jirgin ƙasa, na sa raket ɗina na tanis a jaka, har tasha na je. Jirgin ya zo ya tafi ina tsaye. Na so in rubuto miki tun Juma'a, sai na tuna kin ce allon ya fi sauƙi.

Kada ki ɗauka na ji daɗi. Baba ya riga ya kai kwat ɗinsa wanki. Na ce masa gwiwar ce ta hana, ya riƙe hannuna yana ba ni haƙuri. Gwiwar kuwa tun watan jiya ba ta yi mini ciwo ba.

Ki huta lafiya,
Tamsin